BABI NA UKU: TSATTSAURAN RA'AYI DA TARZOMAR ƊALIBAI A MANYAN MAKARANTUN AREWACIN NIJERIYA

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda tsattsauran ra'ayi ya samu gindin zama a tsakanin ɗaliban manyan makarantun Arewacin Nijeriya, da kuma yadda ya riƙa rikiɗewa yana zama doke-doke da ƙone-ƙone, wani lokaci har da kisa. An fi mayar da hankali a kan shekaru goma, wato daga 1978 zuwa 1988, domin kuwa a cikinsu ne aka aza tubalin abin da ya biyo baya. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ita ce cibiyar bayanin, sai kuma Kano da Kafanchan. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, rikicin da ake yi wa laƙabi da na addini a waɗannan makarantu yana da alaƙa ta ƙut-da-ƙut da kokawar da aka yi a kan wanda zai riƙe ragamar ɗalibai, da kuma irin hannun da gwamnatocin soja suka tsoma a cikin wannan kokawa. Kafin a shiga cikin bayanin, za a ɗan leƙa ƙasar Girka, saboda tarihin ɗalibanta ya fito da wannan lamari a fili, ta yadda zai zama ma'auni.

3.1 Misali Daga Ƙasar Girka

A siyasar Turai, idan aka ce mutum ɗan ɓangaren dama ne, ana nufin mai ra'ayin riƙau, wanda yake son al'amura su tsaya yadda aka gada. Idan kuwa ya kai maƙura a wannan ra'ayi, sai ya riƙa ganin ƙasa ta wata ƙabila ce ko ta wani addini guda, sauran jama'a ko dai baƙi ne ko maciya amana, kuma ya halatta a yi amfani da ƙarfi a kansu. Wannan ma'ana ta ƙarshe ita ake nufi da tsattsauran ra'ayi a wannan babi.

Girka ta fito daga yaƙin basasa a shekarar 1949, inda aka yi galaba a kan 'yan gurguzu. A wajajen 1960, zamanin gwamnatin Konstantinos Karamanlis, aka kafa wata ƙungiyar ɗalibai mai suna EKOF a birnin Atina. Aikin da aka fi sanin ta da shi shi ne tarwatsa tarurrukan ɗalibai masu ra'ayin kawo sauyi, da lakaɗa musu duka, da dagula zaɓen ƙungiyoyin ɗalibai, alhali 'yan sandan ciki suna kallo, wani lokaci ma da haɗin bakinsu. A cikin irin wannan yanayi ne wasu 'yan banga suka kashe ɗan majalisa Grigoris Lambrakis a birnin Tasalonika a watan Mayu na 1963. Da sojoji suka yi juyin mulki ranar 21 ga Afrilu, 1967, sai suka hana zaɓen ɗalibai baki ɗaya, suka riƙa naɗa 'yan amshin shatansu a kan kujerun. Neman a dawo musu da 'yancin zaɓen shugabanninsu yana daga cikin abin da ya sa ɗalibai suka mamaye Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Atina a watan Nuwamba na 1973, har tankar yaƙi ta fasa ƙofar makarantar ranar 17 ga watan, aka kuma kashe aƙalla mutum 24 a kewayen wurin. Mulkin sojan ya faɗi a watan Yuli na 1974.

Daga nan masu wannan ra'ayi suka rasa tagomashi a cikin jami'o'i, suka koma kan titi. A watan Yuni na 1998 'yan ƙungiyar Golden Dawn suka yi wa wani ɗalibi ɗan gwagwarmaya dukan kawo wuƙa a kusa da kotunan Atina. Duk da haka ƙungiyar ta shiga majalisar dokoki a 2012, sai bayan da wani ɗanta ya kashe mawaƙi Pavlos Fyssas a 2013 sannan hukuma ta tashi tsaye, kotu kuma ta yanke hukuncin cewa ƙungiyar ta masu aikata laifi ce a watan Oktoba na 2020.

Abin lura a nan shi ne, EKOF ta yi ƙarfi ne saboda ita da hukuma abokin gabarsu guda ne. A Nijeriya lamarin ya ɗan bambanta, domin zafafan ɗaliban da za a yi magana a kansu su ma ba sa ga-maciji da gwamnati. Amma kamar yadda za a gani, tsoron da sojoji suke yi wa ɗalibai 'yan gurguzu ya share wa masu tsattsauran ra'ayin addini fili, ko da kuwa ba haka aka nufa ba.

3.2 Samaru a Shekarun 1970

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962. Kafin ƙarshen shekarun 1970 kuɗin man fetur sun sa ta bunƙasa ƙwarai, Makarantar Share Fagen Shiga Jami'a kuma tana kwaso yara daga kowane lungu na Arewa. Yaron da ya taso a karkarar Birnin Kudu ko Gwaram, waɗanda a lokacin suna cikin Jihar Kano, ba shi da jami'ar da ta fi masa kusa irin ta Bayero da ke Kano, wadda ta samu cin gashin kanta a 1977, sai kuma Zariya. Idan ya sauka a Samaru, sai ya tarar da wata duniya dabam: ga mashaya a cikin makaranta, ga raye-rayen dare, ga cuɗanyar maza da mata, ga kuma malami a aji yana cewa addini wata dabara ce ta masu hannu da shuni. Haka shi ma yaron da ya fito daga makarantar mishan ta Filato ko kudancin Zariya yake jin an jefa shi cikin baƙin wuri. Kowannensu sai ya nemi inuwar da zai raɓa.

Inuwar kuwa tana nan tun kafin zuwansu. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wato MSS, a Legas a 1954, Lateef Adegbite ne shugabanta na farko, kuma a farkon al'amarinta ba ta wuce shirya laccoci da kwasa-kwasan hutu da neman a ba ɗalibai damar yin salla ba. Takwararta ta Kirista, wato FCS, an kafa ta ne a Gindiri a 1957. A cikin shekarun 1970 dukkansu biyu suka canza salo. Guguwar sababbin coci-coci masu wa'azin sake haihuwa ta ratsa ɗalibai Kirista, ta mayar da jawo mutane cikin addini wajibi a kan kowane ɗalibi. A ɓangaren Musulmi kuma littattafan Sayyid Ƙuɗub da na Maududi suka yawaita a hannun matasa, ga wa'azin Shaihu Abubakar Gumi a rediyo, ga kuma ƙungiyar Izala da Shaihu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978.

Sai dai a wancan lokaci waɗanda suka fi kowa murya a siyasar ɗalibai su ne masu ra'ayin gurguzu, irin su 'yan ƙungiyar MPN, waɗanda suke samun ƙwarin guiwa daga malamai kamar Yusufu Bala Usman na sashen tarihi da Patrick Wilmot na sashen nazarin halayyar jama'a. Maganarsu a kan talaka da mai kuɗi take, da mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, da kuɗin makaranta. Komai za a ce a kansu, a inuwarsu Musulmi da Kirista suna zama a benci guda.

Abubuwa biyu suka faru a watan Afrilu na 1978 waɗanda ya kamata a dube su tare. Na farko, wakilai Musulmi sun fice daga Majalisar Tsara Tsarin Mulki saboda an ƙi amincewa da kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a matakin tarayya, 'yan MSS kuma suka yi zanga-zangar goyon baya a Zariya da Kano. Na biyu, Ƙungiyar Ɗalibai ta Ƙasa, wato NUNS, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta tayar da zanga-zangar nan da aka fi sani da "Ali Must Go", bayan an ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, Kanar Ahmadu Ali kuma shi ne kwamishinan ilimi na tarayya. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya. Gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta NUNS, ta kori wasu malamai, shugaban jami'ar Zariya Farfesa Iya Abubakar shi ma ya bar kujerarsa a wannan shekara. Ƙungiyoyin addini kuwa ba wanda ya taɓa su. Ke nan a wata guda aka karya ƙungiyar da ta haɗa ɗalibai baki ɗaya, aka kuma ba masu raba su wani babban batu na ƙasa da za su riƙa taruwa a kansa.

3.3 Daga Samaru Zuwa Fagge

Juyin juya halin Iran na watan Fabrairu, 1979, ya zo daidai kan gaɓa. A ganin matasa da yawa, ga hujja ta bayyana cewa malami mai rawani zai iya kayar da sarkin da Amurka take mara wa baya. Wanda ya fi fice a cikin waɗannan matasa shi ne Ibrahim Yaƙubu El-Zakzaky, haifaffen Zariya a 1953, ɗalibin tattalin arziki, kuma jigo a MSS. A ƙarshen 1979 jami'a ta kore shi tare da wasu abokansa, bayan farmakin da aka kai wa wani taron mashaya a cikin makaranta. A 1980 ya ziyarci Iran, a wannan shekara kuma ya yi jawabin nan na Funtuwa, inda ya shelanta bara'a daga tsarin mulkin Nijeriya. Magoya bayansa suka riƙa rubuta taken "Islam Only" a jikin bango da motoci, ma'ana Musulunci kaɗai. Daga 1981 ya fara shiga kurkuku yana fita.

Ya kamata a yi adalci a nan. Yawancin 'yan MSS ba su bi wannan hanya ba, sun gama karatunsu sun kama aikin gwamnatin da ake cewa ta ɗagutu ce. Waɗanda suka bi shi su ne suka ware suka zama 'Yan'uwa Musulmi, su ma daga baya suka dare gida biyu a wajajen 1994, lokacin da karkatarsa ga Shi'a ta fito sarari, wasu suka kafa Jama'atu Tajdidil Islam a Kano. Haka kuma kuskure ne a haɗa wannan motsi da rikicin Maitatsine na Disamba, 1980, wanda ya ci rayuka fiye da 4,000 a Kano. Mabiyan Muhammadu Marwa gardawa ne da 'yan ci-rani masu ƙyamar boko da duk abin da ya zo da shi. Waɗannan kuwa 'yan boko ne tsantsa, da Ingilishi suke rubuta takardunsu.

Farkon fitar wannan wuta daga harabar makaranta zuwa cikin gari a Kano ya faru. Akwai tsohuwar cocin Angalika a Fagge, wadda ta riga masallacin Juma'a na unguwar zama a wurin. A 1982 aka soma aikin faɗaɗa ta, bayan babban limamin cocin Ingila Robert Runcie ya aza harsashin ginin a ziyarar da ya kawo. A ƙarshen watan Oktoba na shekarar, ɗalibai Musulmi daga makarantu dabam-dabam na Kano suka fito zanga-zanga, suna cewa ginin ya matsi masallaci. Da suka tarar 'yan sanda sun kewaye cocin, sai gungun ya juya zuwa Sabon Gari, aka ƙona wasu coci-coci da ba ruwansu da gardamar. Wannan salo na huce haushi a kan wanda aka samu, shi ne aka yi ta maimaitawa a shekarun da suka biyo.

3.4 Shekarar 1986

An kafa sabuwar ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, wato NANS, a 1980, masu ra'ayin gurguzu kuma suka sake kama ragamarta. A watan Afrilu na 1986 ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta shirya jerin gwano na tunawa da waɗanda aka kashe a 1978. Jerin gwanon ya ratsa ta ɗakunan kwanan mata na Amina, inda aka hana maza shiga, hukumar jami'a ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi kuma ta riƙe wannan a matsayin babban laifi, ta hukunta shugabannin ƙungiyar da kora da dakatarwa. Ɗalibai suka yi bore. Ranar 23 ga Mayu 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Samaru suka buɗe wuta. Hukuma ta ce mutum huɗu suka mutu, ɗalibai kuwa suka ce adadin ya fi haka nesa ba kusa ba.

Gwamnatin Janar Babangida ta naɗa kwamitin Manjo-Janar Emmanuel Abisoye, daga baya kuma na Mai Shari'a Mustapha Akanbi. Daga rahoton Abisoye ne zargin nan ya shahara, cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. Aka haramta NANS, aka raba ƙungiyar malaman jami'a da ƙungiyar ƙwadago. Abin da ya faru a 1978 ya sake faruwa, kuma a wannan karo ƙasar ta riga ta ɗauki zafi, domin a watan Janairun shekarar ne labari ya ɓulla cewa Nijeriya ta zama cikakkiyar wakiliya a ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ba tare da an yi shawara a fili ba. A Jami'ar Ibadan ma an yi watanni ana ja-in-ja a kan wani gicciye da ke tsaye a sashen da masallata suke fuskanta. Ga kuma shirin tsuke bakin aljihu da aka ƙaddamar a tsakiyar shekarar, wanda ya karya darajar naira, ya mayar da takardar digiri abin da ba ta tabbatar wa mai ita aiki.

3.5 Kafanchan, Maris 1987

Kwalejin Horar da Malamai ta Kafanchan ƙaramar makaranta ce, amma tana zaune a wuri mai tsohon miki. Garin shi ne mazaunin masarautar Jama'a, ƙabilun da ke kewaye kuwa, waɗanda yawancinsu Kirista ne, sun daɗe suna ƙorafin cewa an ɗora musu sarautar da ba tasu ba tun zamanin Turawa. A farkon watan Maris na 1987 reshen FCS na kwalejin ya shirya taron wa'azi da aka sa wa suna "Mission 87", aka kuma rataya wani ƙyalle mai rubutun da ke yi wa baƙi maraba da zuwa harabar Yesu. Ɗalibai Musulmi suka koka a kan ƙyallen. Duk wanda ya tuna da rubutun bangon Zariya na 1980 zai ga cewa manufar guda ce: kowane ɓangare yana shelar cewa filin nasa ne shi kaɗai.

Ranar Juma'a, 6 ga Maris, mai wa'azin da aka gayyato, Rabaran Abubakar Bako, wanda a da Musulmi ne, ya kawo ayoyin Alƙur'ani a cikin jawabinsa. Ɗalibai Musulmi da suka ji shi suka ce ya murɗe ma'anarsu, ya kuma taɓa mutuncin Annabi (SAW). Wata ɗaliba ta yi yunƙurin ƙwace makirfo, daga nan faɗa ya kaure. Cikin kwana biyu rikicin ya tsallaka cikin gari, aka kashe mutane, aka ƙona masallatai da gidaje, kuma a Kafanchan Musulmi ne suka fi jin jiki.

Da labari ya isa arewacin jihar, wanda a lokacin har da Katsina a cikinta, sai ramuwar gayya ta tashi a Zariya da Kaduna da Funtuwa da Katsina da wasu garuruwa. An zargi gidan Rediyon Tarayya na Kaduna da rura wutar ta hanyar yadda ya riƙa maimaita labarin. A Zariya ɗaliban manyan makarantu suna cikin waɗanda suka ja gaba, wutar kuma ba ta bar wurin ibadar Kirista na cikin jami'a ba. Alƙaluman da manazarta suka fi ambata su ne mutum 19 da suka mutu, da coci 152 da masallatai 5 da aka lalata, ban da otal-otal da mashaya da motoci. Gwamnan jihar, Abubakar Dangiwa Umar, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Hansine Donli, gwamnatin tarayya kuma ta kafa kotun musamman ta Mai Shari'a Karibi-Whyte, wadda ta ɗaure mutane da dama. Janar Babangida ya kwatanta abin da yunƙurin juyin mulki na farar hula.

Masana sun yi saɓani a kan fassarar wannan rikici. Yusufu Bala Usman, a littafinsa The Manipulation of Religion in Nigeria da ya fito a 1987, yana ganin wasu manya ne suke fakewa da addini domin su kawar da hankalin talaka daga wawashe dukiyarsa da ake yi. Matthew Hassan Kukah kuwa, a littafinsa Religion, Politics and Power in Northern Nigeria na 1993, ya fi ɗora nauyin a kan yadda masu mulkin Arewa suka daɗe suna riƙe iko da sunan addini, da kuma yunƙurin Kiristocin yankin na ƙwatar kansu. Kowanne yana da ƙamshin gaskiya, sai dai bayanin Bala Usman ya mayar da ɗalibai tamkar raƙumi da akala. Ɗalibar da ta tashi ta nufi makirfo ba wani attajiri ne ya aike ta ba, haka ma waɗanda suka rataya ƙyallen. Sun yi imani da abin da suke yi. Tambayar da ta fi dacewa ita ce, me ya sa a makaranta guda babu wani zaure da shugabannin ɓangarorin biyu za su zauna su kashe maganar ƙyalle tun kafin ranar Juma'a? Amsar tana cikin abin da aka yi wa ƙungiyoyin ɗalibai a 1978 da 1986.

3.6 Zaɓen 1988

Idan ana neman shaidar cewa siyasar ɗalibai ta koma hannun addini, to zaɓen shugabannin ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na watan Yuni, 1988, ya isa. A da, ana auna ɗan takara ne da matsayinsa a kan kuɗin makaranta da abinci da hukumar jami'a. A wannan karo da sunan addini aka yi yaƙin neman zaɓe, kowane ɓangare ya tsayar da nasa. Ana cikin ƙidaya, da alamu suka nuna ɗan takara Kirista ne a gaba, sai faɗa ya ɓarke da sanduna da duwatsu da wuƙaƙe. Ɗalibai fiye da 100 suka jikkata, aka rufe jami'ar.

A wannan shekara ce kuma jami'an tsaro suka ɗauke Patrick Wilmot suka fitar da shi daga ƙasar. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki, sai da kotu ta mayar da shi. Har ila yau a 1989, bayan zanga-zangar ƙin shirin tsuke bakin aljihu, aka kafa dokar soja mai lamba 47, wadda ta mayar da shiga ƙungiyar ɗalibai ganin dama, ta kuma ba hukuma ikon rusa duk ƙungiyar da ta ga tana barazana ga zaman lafiya. Babu wata hujja da ke nuna cewa sojoji sun ɗauki nauyin zafafan ɗalibai kamar yadda hukumomin Girka suka yi wa EKOF, hasali ma sun sha ɗaure wasunsu. Amma sakamakon ya yi kama: ɓangaren da gwamnati ta fi tsoro shi aka murƙushe, wanda ya rage kuma ya gaje filin.

Akwai wata asara da ba a cika lissafawa ba idan ana ƙidayar gawawwaki da gine-gine, wato rufe makaranta. Ɗan babban ma'aikaci a Kaduna, idan an rufe jami'a, gida zai koma ya jira. Amma ɗalibin da ya fito daga ƙauye irin Dingaya, wanda sai da aka sayar da gyaɗa ko akuya aka haɗa masa guzuri, kuɗin mota na zuwa da komowa kaɗai ya isa ya ci abin da aka tanadar masa na zango guda. Bugu da ƙari, kowace tarzoma tana ƙara wa masu cewa boko ɓata yara yake yi hujja, musamman a kan karatun 'ya'ya mata. Yankin da ya zama Jihar Jigawa a 1991 bai samu jami'a a cikinsa ba sai 2011, da aka kafa ta tarayya a Dutse, sannan ta jiha a Kafin Hausa a 2013, don haka duk tsawon wancan zamani 'ya'yansa a makarantun da rikicin ya shafa suke karatu.

3.7 Bayan Komawa Mulkin Farar Hula

Komawa mulkin farar hula a 1999 bai warkar da ciwon ba. A 2002 an sake yin jina-jina a Kwalejin Horar da Malamai ta Tarayya da ke Zariya, kuma a kan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ne, tamkar an kwafo na 1988. A watan Disamba na 2004 aka kashe wani shugaban ɗalibai Kirista a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauci bayan gardama a kan wasu takardun wa'azi da aka raba. A Barno da Yobe kuma wani sabon abu ya ɓullo, inda wasu ɗalibai da masu digiri suka yayyaga takardunsu suka bi Muhammad Yusuf. Waɗannan sun bar makaranta ne gaba ɗaya, daga baya ƙungiyarsu ta dawo mata da bindiga, kamar harin da aka kai wa masu ibada Kirista a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ranar 29 ga Afrilu, 2012, wanda ya ci rayukan aƙalla mutum 15, har da furofesoshi biyu.

Abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato ranar 12 ga Mayu, 2022, ya nuna wani canjin kuma. A shekarun 1980 akwai ƙungiya mai suna da shugabanni da takardun manufa, waɗanda hukuma za ta iya kira ta yi magana da su ko ta kama su. A Sakkwato kuwa daga wani zauren WhatsApp na 'yan aji maganar ta taso, inda aka zargi wata ɗaliba Kirista da yin ɓatanci ga Annabi (SAW) a wani saƙon murya. Gungun ɗalibai suka fi ƙarfin masu gadin makarantar, suka fito da ita daga ɗakin da aka ɓoye ta, suka jefe ta suka ƙona gawar, wasu kuma suna ɗauka da waya. Fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya rufe kwalejin, bayan kwana biyu kuma ya sa dokar hana fita saboda zanga-zangar neman a saki waɗanda aka kama. Mutum biyu aka gurfanar a gaban kotun majistare, kuma tuhumar da aka yi musu ita ce haɗa baki da tayar da hankalin jama'a.